SHARHI: Hoto ya yi kyau, amma ina sunan mai sana'ar?

A ranar Juma'a 23 ga Mayu, 2025, Sebastião Salgado, ɗan ƙasar Birazil kuma ɗaya daga cikin mashahuran masu ɗaukar hoto na zamaninsa, ya rasu a birnin Paris yana da shekara 81. Jaridun duniya sun fi tuna shi da hotunan mahaƙa zinariya da na 'yan gudun hijira. Amma akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba, wanda ya kamata masu sana'ar abinci a ƙasar Hausa su sa wa ido, wato hotunan manoman gahawa da ya shafe fiye da shekara goma yana ɗauka.

Salgado bai fara rayuwarsa da kyamara ba. Masanin tattalin arziki ne, ya yi aiki da Hukumar Gahawa ta Duniya a London, kuma aikin ne ya riƙa kawo shi Afirka. A 1973 ya ajiye aikin ofis, ya tafi Nijar ya ɗauki hotunan mutanen da fari ya tagayyara. Daga 2002 ya ƙulla aiki da kamfanin gahawa na illy da ke Italiya, ya zagaya ƙasashe goma, ciki har da Habasha da Tanzaniya da Indiya da Kolombiya, yana ɗaukar masu tsinkar 'ya'yan gahawa da masu shanya da masu tsincewa. A 2015 aka fitar da hotunan cikin littafi, aka kuma baje su a babban baje kolin duniya na birnin Milan, wanda takensa a shekarar ya shafi ciyar da al'ummar duniya.

Hotunan sun burge jama'a, kuma babu mai musun gwanintar wanda ya ɗauke su. Tambayar da suka bari a baya ita ce wadda ke bin duk irin wannan aiki: idan aka mai da gumin mai ƙaramar sana'a abin kallo, aka rataya a bango, aka buga a littafi mai tsada, wane kaso ne ke komawa ga mai gumin?

Yadda abincin gargajiya ya shiga zauren baje koli

Ɗaukar hoton abinci don talla tsohon abu ne. Sabon abin shi ne juya kyamara daga kan faranti zuwa kan hannun da ya samar da abin da ke cikinsa, da kuma ɗaukar wannan a matsayin aikin fasaha da ake saye da sayarwa kamar zane.

Wannan sauyi yana da tushe. A 1986 Carlo Petrini da abokansa suka fara wani yunƙuri a Italiya domin nuna adawa da buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum. Yunƙurin ne ya zama ƙungiyar Slow Food, wadda aka ƙaddamar a matakin duniya a Paris a 1989, kuma tun 2022 Edward Mukiibi ɗan Uganda ke jagorantarta. Manufarta ita ce kare abincin gargajiya da ƙananan masu samar da shi daga mamayar manyan masana'antu. Da tafiya ta yi tafiya, masu hannu da shuni a Turai da Amurka suka fara tambayar inda abincinsu ya fito da wanda ya noma shi. Kamfanoni kuwa suka gane cewa fuskar manomi tana sayar da kaya fiye da hoton gwangwani.

A 2011 aka kafa gasar hotunan abinci ta duniya a Birtaniya, mai ɓangarori na girbi da na abincin bakin titi, wadda ake baje hotunan da suka yi fice cikinta. A 2015 kamfanin Lavazza, shi ma na gahawa, ya fitar da kalandar da Steve McCurry ya ɗauki hotunanta tare da haɗin gwiwar Slow Food. Kalandar ta nuna manoma da masu sana'a daga ƙasashen Afirka, kamar masu man argan a Maroko da masu gahawa a Habasha, kuma an ware kuɗin sayar da ita domin shirin ƙungiyar na kafa lambuna 10,000 a Afirka.

Waɗannan ayyuka ba su rasa amfani ba. Sun nuna wa mai shan gahawa a Milan cewa akwai mutum a bayan kofinsa. Sun kuma kawar da Afirka daga hoton yunwa da ƙoƙon bara zuwa hoton ƙwarewa da aiki. Sai dai wanda ya biya kuɗin aikin shi ke da iko da hoton, kuma tambarinsa ne ke manne a jiki.

Darasin matar da ba a tambayi sunanta ba

Tarihin ɗaukar hoto yana da misali ɗaya da ya isa gargaɗi. A watan Maris na 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Dorothea Lange, wadda ke yi wa gwamnati aiki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙodagon gona a Nipomo da ke jihar Kalifoniya. Ta ɗauki hoton wata mata mai shekara 32, ta yi tagumi, 'ya'yanta sun jingina da ita. Da hoton ya fito a jarida, gwamnati ta aika da kimanin tan tara na abinci zuwa sansanin. Kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun riga sun yi gaba.

Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a duniya, amma fiye da shekara arba'in jama'a ba su san ko wace ce a ciki ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano cewa Florence Owens Thompson ce, kuma ta bayyana takaicinta cewa ba ta samu ko kwabo daga hoton ba. Da rashin lafiya ya kwantar da ita a 1983, sai da 'ya'yanta suka nemi taimakon jama'a domin jinyarta. A 1998, shekara goma sha biyar bayan rasuwarta, aka buga hoton a kan sarkin aika wasiƙa na Amurka, kuma a shekarar aka yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala 244,500.

Salgado kansa bai tsira daga irin wannan suka ba. Marubuciyar Amurka Susan Sontag, a wani littafinta na 2003, ta lura cewa a hotunansa na masu hijira ba a rubuta sunayen marasa ƙarfin da ke ciki, alhali manyan mutane ba a taɓa buga hotonsu ba suna. A ganinta, wanda aka ɗauka ba suna ya daina zama mutum guda mai tarihi, ya koma wakilin sana'arsa ko ƙabilarsa ko wahalarsa. Masu kare Salgado suna cewa yakan zauna watanni tare da mutanen da yake ɗauka, kuma shi da matarsa Lélia sun kafa cibiyar Instituto Terra a 1998, suka dasa miliyoyin itatuwa a yankinsu na Minas Gerais. Wannan gaskiya ne, amma bai amsa tambayar Sontag ba.

Abin da ya faru da Thompson shi ne Bahaushe ke kira kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A harkar abinci kuwa lamarin ya wuce batun mutunci kaɗai, domin a kasuwar yau suna shi ne dukiya.

Suna shi ne jari

Habasha ta gane haka da wuri. A 2005 gwamnatin ƙasar ta nemi yi wa sunayen gahawarta uku rajista, wato Sidamo da Harar da Yirgacheffe, domin waɗannan sunaye ne ke sa a sayar da gahawar da tsada a shagunan Amurka, alhali manomi na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Takaddama ta ɓarke tsakaninta da kamfanin Starbucks, ƙungiyar Oxfam ta shiga yaƙin, kuma a 2007 aka cimma yarjejeniyar da kamfanin ya amince da haƙƙin Habasha a kan sunayen.

A yammaci da tsakiyar Afirka, hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, ta fara ba da shaidar asalin wuri a 2013. Kayayyaki uku ne suka fara samu: masoron Penja da farar zumar Oku, duka daga Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Ma'anar shaidar ita ce ba wanda zai sayar da kaya da wannan suna sai wanda ya samar da shi a wannan yanki, ta hanyar da aka rubuta aka amince da ita. Farashin masoron Penja ya tashi sosai bayan rajistar, kuma a 2022 Tarayyar Turai ta karɓe shi cikin jerin sunayen da take karewa.

Nijar ta koyi darasin ne ta hanya mai ɗaci. A shekarun 2000 wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal ya nemi mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman Galmi a jihar Tahoua suka gada kaka da kakanni. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin kamfanin ya saki sunan. A 'yan shekarun nan OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar asalin wuri, yayin da cuku da fatar jar akuyar Maraɗi suka samu tambarin haɗin gwiwa.

Najeriya ba ta cikin OAPI, saboda haka waccan rajista ba ta shafi mai kilishi a Agadasawa cikin birnin Kano ba, duk da cewa sana'a ɗaya ce, kalma ɗaya ce, kuma sau da yawa dangi ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu. Wanda ya fara rubuta sunan abu a takarda shi duniya ke ɗauka mai shi.

A nan ne hoto ke da aikin da ya fi ado. Kafin a ba da shaidar asali, dole masu nema su nuna cewa kayan yana da alaƙa da wurin, yana da hanyar yi ta musamman, kuma an san shi da wannan suna tun da daɗewa. Tarin hotunan da ke ɗauke da sunan mai sana'a da garinsa da kwanan wata da matakin aikin da ake ciki, hujja ce da za a iya gabatarwa. Hoton da aka rubuta wa "wani mahauci a Afirka ta Yamma" ba zai amfani kowa ba sai mai sayar da hoton.

Abin da kyamara za ta tarar a ƙasar Hausa

Sana'o'in abinci na ƙasar Hausa suna da duk abin da mai ɗaukar hoto ke nema. Mai kilishi yakan zauna da wuƙarsa ya yi ta buɗe tsokar nama har ta koma falle ɗaya mai faɗi, ya shanya a rana, ya tsoma cikin labu da aka haɗa da tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya kara a wuta. Mai daddawa takan dafa kalwa sa'o'i masu yawa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta bar ta kwanaki har ta nuna. A yankin Maƙarfi ana matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a mazubi ya daskare ya zama mazarƙwaila. A Bilma ana ƙera kantun gishiri da ayarin raƙuma ke ɗaukowa zuwa Agadas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ilimi ne da ba a rubuta ba, yana hannun tsofaffi, kuma dunƙulen ɗanɗano na kamfani da sukarin buhu suna cin kasuwarsa a hankali.

Akwai misali na gida da ke nuna yadda za a adana irin wannan ilimi. Daga 1968 J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, har ya tara kusan guda dubu. Yawancinsu daga baya ya ɗauke su, ba a ganin fuska, amma ya kula da sunan kowane kitso. A 2013, shekara guda kafin rasuwarsa, aka baje aikin a babban bikin fasaha na Venice. Yau wanda ke son sanin kitson da aka daina yi, ga Ojeikere yake komawa. Ya nuna cewa hoto zai iya zama na fasaha kuma ya zama kundin tarihi a lokaci guda.

Haka nan Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara aikinta na Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan kasuwa da ɗalibai da masu sana'a a garin da duniya ba ta sani da komai ba sai tashin bam. Da ɗan gari akan ci gari: wanda ke jin harshen mutane kuma zai sake haɗuwa da su gobe a kasuwa, ya fi kiyaye yadda zai nuna su.

Su ma masu ɗaukar hoto na Afirka sun ɗanɗani rashin suna. A 1991 aka baje wasu hotunan Bamako a New York da bayanin cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar Seydou Keïta ne, yana raye, da dubban fina-finan hotunansa a ajiye. A 2016 aka yi masa baje koli na musamman a Grand Palais da ke Paris. Bambancin da ke tsakanin 1991 da 2016 shi ne sunan da aka maido masa.

Izini da mutunci

Wani abu da baƙo ba zai gane da wuri ba shi ne cewa babban kaso na wannan sana'a yana bayan katanga. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira shi ɓoyayyen ciniki: matan aure na yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura a cikin gida, yara na kaiwa talla. Har yau haka abin yake a garuruwa da yawa. Shiga irin wannan gida da kyamara yana buƙatar yardar matar da ta mutanen gidanta, kuma hoton da ya bazu a Facebook ko Instagram ba tare da saninta ba yana iya jawo mata fitinar da mai ɗaukar hoton ba zai taɓa jin labarinta ba.

Wannan bai hana aikin ba. Ana iya ɗaukar hannu da turmi da tukunya da faifai, a bar fuska. Ana iya rubuta sunan ƙungiyar mata ko na unguwa maimakon sunan mutum, idan haka suka zaɓa. Muhimmin abu shi ne zaɓin ya kasance nasu. Mata masu ɗaukar hoto kuma suna da damar shiga inda namiji ba zai shiga ba.

Doka ba ta cika taimaka wa mai sana'a ba a nan. A bisa ƙa'idar haƙƙin mallaka, wadda dokar Najeriya da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta bi, hoto na wanda ya ɗauka ne, in ba an yi wata yarjejeniya ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Yuni 2023 ta ba mutum wani iko a kan bayanan da ke nuna ko wane ne shi, amma mai fura a bakin tasha ba ta da lauya. Abin da zai kare ta shi ne yarjejeniya a sarari, cikin harshen da take ji, kafin a danna kyamara.

Abin da hoto ba zai gyara ba

Kyawun hoto yana iya rufe aibi. Kilishin da aka shanya a fili, hasken yamma na dukansa, yana da kyau a ido, amma ƙura da ƙuda ba sa fitowa a hoton da aka tsara. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, kuma babu hoton da ya isa ya ɗage irin wannan takunkumi. Ƙasashen Turai da Amurka suna da tsauraran dokoki a kan shigo da nama, shi ya sa matafiya da dama suka rabu da ƙullin kilishinsu a filin jirgi. Wanda ke son kasuwar waje yana buƙatar rumfar shanya mai rufi, da ruwa mai tsabta, da rajistar NAFDAC, kafin ya buƙaci mai kyamara.

Akwai kuma sabon ƙalubale. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hotuna ta Sony, bayan ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta haɗa hoton. Yanzu kowane kamfani zai iya samar da hoton tsohuwa mai daddawa da ba a taɓa haifa ba, ya manna a kwalinsa. Idan kyau kaɗai ake nema, inji ya riga ya wadatar. Abin da inji ba zai iya bayarwa ba shi ne mutum na gaske, mai suna da gari, wanda za a iya zuwa a same shi. Darajar hoton gaskiya daga yanzu tana cikin bayanin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya rage a yi

Matakan ba masu tsada ba ne. Mai ɗaukar hoto ya nemi izini, ya faɗi inda hoton zai je, ya rubuta suna da gari da sunan kayan da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri kamar yadda masu shi ke kiransa, ya kuma ba mai sana'a kwafin da zai yi tallar kayansa da shi. Idan an sayar da hoton, a ware masa kaso da aka yi magana a kai tun farko. Ƙungiyoyin mahauta da na manoma da na mata masu sarrafa gyaɗa su riƙa ɗaukar nauyin aikin da kansu, domin hotunan su zama mallakarsu. Jami'o'i da gidajen tarihi, kamar Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, suna da hurumin adana irin wannan kundi. Majalisar Tarayya kuwa tana da misalin Nijar da Kamaru a gabanta, idan tana son sunayen kayan Najeriya su samu kariya irin ta maƙwabta.

Salgado ya tafi ya bar hotunan da za su daɗe ana kallo, kuma duk wanda ya kalle su zai san sunansa da na kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Manoman Galmi kuwa ba su da littafi mai tsada, amma sun riƙe sunan albasarsu. Mai kilishi da mai daddawa sun cancanci samun duka biyun, kuma kafin hoto na gaba ya fita daga rumfarsu, ya kamata su san da sunan wa zai fita.